Motar da Ta Lalace a Daji ta Ayari Ce Gaba Ɗaya

Na yi shekara biyu a jihar Utah ta Amurka ina kallon wata ɗabi'a ta mutanen nan ba tare da na gane kanta ba. Da zarar sanyi ya fara ja da baya, kowace Juma'a da yamma sai ka ga motoci masu manyan tayoyi sun jeru sun nufi Moab, wasu suna tafiya da ƙafarsu, wasu an ɗaure su a kan tirela, kuma abin da ya fito da masu su shi ne su sauka daga kwalta su bi hanyoyin da a inda na taso babu direban da zai kai motarsa da son ransa. Mu mun san muguwar hanya a matsayin jarrabawa da ake haƙuri da ita har Allah ya fitar da mutum, don haka ya yi mini wuya in yarda cewa akwai wanda zai tara kuɗi, ya ɗauki hutu daga aiki, ya tafi nemanta. Sai da wani abokin aikina ya matsa mini na shiga motarsa sau ɗaya, daga baya ni ma na sayi tsohuwar jif na shiga ayarinsu, sannan na ga cewa hawan dutsen shi ne ƙaramin abin da ke cikin tafiyar. Abin da ya riƙe ni har yau shi ne yadda ayari ke yi idan mota ɗaya ta lalace a wurin da babu gareji, babu janwe, kuma wayar salula ba ta kama komai.

Wurin da kansa shi ke mayar da lalacewar mota babban al'amari. Moab ƙaramin gari ne a gefen kogin Kolorado, kewaye da jan dutse irin na yashin da ya daskare, wanda a wurare da yawa ya shimfiɗu falale guda babu ƙasa a kansa. Turawan da suka fara zuwa da dawaki sun ba dutsen suna mai nufin santsi, saboda takalmin ƙarfen da ke kofaton doki yana zamewa a kansa, amma tayar roba tana kama shi kamar an shafa mata gam, shi ya sa mota ke iya hawa tudun da ido zai ce ba ya hawuwa. Da yawa daga cikin hanyoyin ragowar hanyoyin masu haƙar yuraniyom ne na shekarun 1950, kuma tun 1967 ake yin babban taron motocin daji a garin kowace shekara a lokacin Ista, wanda yanzu ƙungiyar Red Rock 4-Wheelers ke gudanarwa. Hanya irin Hell's Revenge ba ta cika mil 7 ba, amma ayari yana iya ɓata rabin yini a kanta. White Rim kuwa, wadda ke cikin gandun Canyonlands, mil 100 ce, ana yin kwana biyu ko uku a kanta, sai da izini ake shiga, kuma hukumar gandun tana gargaɗin cewa kuɗin janyo motar da ta mutu a ciki yana wuce dala 1,000. Kamfanonin da ke kai wa masu mota ɗauki a kan kwalta galibi ba sa sauka daga hanyar da gwamnati ke gyarawa. Wannan yana da muhimmanci, domin Ba'amurken birni idan motarsa ta tsaya bai cika buɗe bonet ba, waya yake ɗauka ya kira. A kan dutsen Moab wannan al'ada tana ƙarewa, mutum ya koma dogara da abin da ke cikin motarsa da mutanen da ke gabansa da bayansa.

Ranar da nake son ba da labarinta wata Asabar ce a watan Oktoba, mun fita da motoci bakwai. Kafin kowa ya tayar da inji, madugun tafiyar, wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin walda, ya tara mu a bakin hanya kusan minti ashirin. Ya zagaya motocin ɗaya bayan ɗaya yana duba ko kowace tana da wurin ɗaura igiyar ja a gaba da baya wanda ke haɗe da shasi, ko safayar taya girmanta ɗaya da sauran huɗun, ko akwai abin kashe gobara, da ruwan sha aƙalla galan ɗaya ga kowane mutum, wato kusan lita 4. Daga nan ya tambayi wa ke ɗauke da me, domin ba a so motoci bakwai su zo da jak bakwai amma babu mai famfon iska ko ɗaya. Ya tsara jeri: shi a gaba, sababbin shiga a tsakiya, motar da ta fi kowace kayan aiki kuma take da injin ja, wato na'urar da ke naɗe igiya ta jawo mota, a ƙarshe. Aka tsayar da tashar rediyon da za a riƙa magana a kanta, irin rediyon da ake kira GMRS, wanda lasisinsa dala 35 ne na shekara 10 ba tare da jarrabawa ba. Aka rage iskar tayoyi daga kusan 35 zuwa 15 a ma'aunin da ake amfani da shi a nan, don tayar ta baje ta rungumi dutse maimakon ta riƙa tsalle a kansa. A ƙarshe ya maimaita ƙa'idar da yake maimaitawa kowace tafiya, cewa kowane direba shi ke da alhakin motar da ke bayansa, kuma a mararraba ba ya juyawa sai ya ga ta a madubi. Idan kowa ya riƙe wannan, duk lokacin da motar ƙarshe ta tsaya sai ta gaba ma ta tsaya, domin tsayawar tana tafiya gaba kamar an ja sarƙa.

Wajen ƙarfe biyu na rana muka iso wani matakin dutse da ya wuce gwiwa, wanda dole a hau shi a karkace. Motoci uku suka hau. Ta huɗu ta wani saurayi ce da matarsa, ya sa mata tayoyi masu inci 35 amma bai canja ƙarafan ƙafar da kamfani ya sako su don ƙananan tayoyi ba. Ya gwada sau ɗaya motar ta ƙi, ya ja baya ya sake gwadawa, a karo na uku ya ƙara wuta. Gaban motar ya yi tsalle, tayar dama ta tashi sama tana juyawa da gudu, sannan ta sauko ta cafki dutse a daidai lokacin da sitiyari yake a murɗe. Ƙarar da muka ji kamar an harba bindiga ce. Duk wanda ya daɗe a wannan harka ya san ta: shaf ɗin da ke kai wa tayar gaba ƙarfin inji ya karye a gaɓarsa mai siffar gicciye. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Taya mai juyawa a iska idan ta tsaya farat ɗaya, duk ƙarfin injin da giyar ƙasa ta ninka sai ya sauka a kan gaɓa ɗaya, gaɓar kuma ta fi rauni idan taya tana a juye, babbar taya kuma tana ƙara wa nauyin tsawon hannu.

Abin da ya biyo baya shi ne dalilin wannan rubutu. Madugu ya yi magana sau ɗaya a rediyo cewa a kashe inji kada a motsa, kuma saurayin ya kashe. Umarnin yana da hujja, domin karyayyun kunnuwan gaɓar idan suka ci gaba da juyawa suna iya turo gaɓoɓin da ke riƙe da ƙafar gaba ɗaya su fita, abin da ake iya gyarawa cikin awa biyu ya zama motar da ba ta tsayuwa a kan ƙafafunta. Motar ƙarshe ta matso, aka ɗaura igiyar injin ja, aka sauko da shi baya a hankali zuwa wuri mai shimfiɗe. Aka sa duwatsu a tayoyi, aka ɗaga da jak, aka cusa safayar taya a ƙarƙashin shasi kafin kowa ya sa hannunsa, saboda dogon jak ɗin daji yana zamewa ba tare da sanarwa ba. Aka shimfiɗa tamfol a ƙasa. Sifana mai lamba 36 ta babban noti ta fito daga wata mota, dogon hannunta daga wata, man giya daga ta uku. Wani yana da shaf na ajiya amma na wata irin ƙafa ce, haƙoransa ba su yi daidai ba. Saboda haka aka cire taya da birki da gidan boris, aka zaro karyayyen shaf, aka toshe bakin bututun da tsumma don kada mai ya zube ko yashi ya shiga, sannan aka mayar da guntun waje cikin boris aka ɗaure notinsa tamau, domin wannan guntun ne ke matse boris ɗin, idan babu shi taya tana iya ficewa ana cikin tafiya. Aikin ya ci awa ɗaya da rabi. Motar ta tashi, amma ƙafafun baya kaɗai ke turawa, don haka duk wani hawa da ya rage sai an ɗaura ta da ta gabanta.

Ina tsaye ina miƙa kayan aiki, zuciyata tana kwatanta abin da nake gani da abin da na sani tun ina yaro, kuma ba zan yarda a ce waɗannan mutane sun fi direbobi da makanikan da na taso cikinsu basirar hannu ba. Na ga direban da famfon mai ya mutu masa a daji ya ɗora galan a kan rufin mota ya ja tiyo zuwa inji ya ƙarasa tafiyarsa. Na ga an toshe ɓular tankin fetur da sabulu, an ɗaure tiyon lagireto da robar tsohon tub da waya, an gane ciwon inji da kunne kafin a buɗe bonet. A wata tafiyar daban, robar tub ɗin nan da na koya a gida ita ta fitar da wata mota daga wani kwazazzabo bayan tiyonta ya tsage, kuma mai motar, wanda kayan aikinsa sun fi nawa tsada nesa ba kusa ba, bai taɓa ganin an yi haka ba. Larura ta koya mana sauraron mota da haƙuri da ita, da gyara abu maimakon jefar da shi, kuma wannan ilimi ne na gaske wanda kuɗi ba ya sayensa a kanti.

Inda suka sha gabanmu shi ne sun ɗauki lalacewar mota a matsayin wani ɓangare na tafiyar tun kafin a tashi, sun raba nauyinta a tsakaninsu tun da safe. Mu dabararmu tana farawa ne bayan mota ta tsaya, lokacin da ake waige-waige ana neman waya ko tsumma ko dutse. Su tasu dabarar ma a cikin akwati take zuwa. Madugun nan namu yana iya yin walda a daji da batiran mota biyu ko uku, a cire su daga motocin a jera su a haɗa da wayoyin tayar da batir, ƙarfinsu ya taru har ya narkar da sandar walda. Na ga ya haɗa karyayyen ƙarfen sitiyari da haka. Amma hakan yana yiwuwa ne don sandunan walda da baƙin gilashin kare ido suna cikin motarsa tun daga gida. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma abin da ke ba ni takaici shi ne maganar tamu ce, amma a nan na fara ganin an mayar da ita tsarin da ake dubawa mota bayan mota.

Akwai kuma batun murya. Duk wanda ya taɓa ganin mota ta kafe a laka a wurinmu ya san yadda mutane goma sha biyar ke ba direba umarni lokaci ɗaya, wannan yana cewa dama, wancan yana cewa baya, kowa da kyakkyawar niyya, direba kuma ya rasa wa zai bi. A ayarin nan mutum ɗaya ne ke nuna wa direba hanya a wuri mai wuya. Yana tsayawa inda direba ke ganinsa, yana magana da hannu, direba kuma idonsa a kansa yake, ba a kan dutsen ba, domin daga kujera ba a ganin inda taya za ta sauka. Wanda ya ga wani haɗari yana gaya wa mai nuna hanyar ne, kalma ɗaya tak aka yarda kowa ya faɗa da ƙarfi, ita ce a tsaya. Na daɗe ina tunanin wannan tsari, domin ba ya bukatar ko sisi, kuma ina da yaƙinin zai rage ɓarnar da ake yi wa motoci da mutane a duk inda ake ture mota.

Wajen ja ne na fi jin tsoro idan na tuna abin da na saba gani. Mun saba ɗaura duk igiya ko sarƙar da ta samu a duk ƙarfen da ya leƙo, mota ta ja da gudu, mutane suna tsaye a gefe har da yara. A nan an koya mini cewa igiyar da ke ɗauke da nauyin mota makami ce. Ba a ɗaura ta a dunƙulen ƙarfen jan tirela, saboda ba a yi shi don fizga ba, yana iya gutsurewa ya tafi kamar harsashi ya shiga ta gilashin motar da ke ja, kuma an yi asarar rayuka ta wannan hanya. Igiyar fizga daban take da igiyar ja: ta fizga tana miƙewa kamar roba ta tara ƙarfi ta tumɓuko motar da ta kafe, ta ja kuwa ba ta miƙewa, don haka ba a fizga da ita. Idan za a yi aiki da injin ja, ana ɗora wani abu mai nauyi a tsakiyar igiyar don idan ta tsinke ta faɗi ƙasa, mutane su koma nesa fiye da tsawonta, kuma babu mai tsallaka ta. Idan bishiya za a kama, sai an naɗa mata faffaɗan maɗauri don kada igiyar ta yanke ɓawonta ta kashe ta. Ana son ƙarfin injin ja ya kai ninki ɗaya da rabi na nauyin motar da kayanta, idan kuma bai isa ba sai a zagaya igiyar ta kan wani gargare a dawo da ita jikin motar, ƙarfin ja ya kusa ninkawa biyu, gudu ya ragu da rabi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke da wuyar fahimta. Abin da ake bukata shi ne wani ya tsaya ya koyar, wani kuma ya yarda ya jira minti biyar kafin ya taka totur.

Bayan an sauke motar saurayin daga jak, aka sami ɗan saɓani. Direbobi biyu sun so su ƙarasa hanyar, domin wurin da ya fi daɗin hawa yana gaba, kuma ɗayansu daga wata jiha ya taso don shi. Suka ce su biyu za su wuce, sauran su raka mai rauni ta gajeriyar hanyar fita. Madugu ya ƙi, ya ce rana ta yi ƙasa, injin ja guda biyu ne kawai a ayarin kuma duka za a bukace su wajen fitar da motar da ta karye, saboda haka masu wucewa za su shiga wuri mafi wuya babu abin ja. Ba su ji daɗi ba, amma suka bi. Na fahimci ɓacin ransu, kuma ba na ganin son kai ne kawai, tun da mutum ya kashe kuɗin mai da masauki da ranar hutunsa, kuma ba shi ya taka totur a kan dutsen ba. Duk da haka ina bayan madugu. Wanda ya shiga ayari ya karɓi kariyarsa tun safe, lokacin da babu wanda ya san motar wa za ta karye, don haka ba daidai ba ne ya janye nasa kason da rana bayan ƙaddara ta faɗa kan wani. Da ta ɗayansu ce ta karye, awa ɗaya da rabin nan da sifanar nan mai lamba 36 su zai samu.

Tamfol ɗin da aka shimfiɗa kafin a fara aiki ya koya mini wani abu da ban zo da shi ba. Ɗan man giyar da ya ɗiga a gefensa, sai da aka kwashe yashin da ya jiƙe aka zuba a leda aka fita da shi. Na taso ina ganin ana juye baƙin mai a ƙasa a wuce, ban taɓa ɗaukar haka laifi ba. A nan kusan duk ƙasar da muke bi ta gwamnatin tarayya ce, hukumar filayen gwamnati da ake kira BLM ke kula da mafi yawanta, kuma hanyar da aka ɓata ana iya rufe ta. Hanyar Rubicon ta jihar Kalifoniya, mai tsawon mil 22, wadda ake yin taron jif a kanta tun 1953, ta shiga matsala a 2009 lokacin da hukumar kula da tsabtar ruwa ta yankin ta ba da umarnin a tsabtace ta saboda zaizayar ƙasa da mai da bayan gidan mutane da ke gangarawa cikin ruwa. A 2023 kuma BLM ta rufe sama da mil 300 na hanyoyin mota a yankin Moab, abin da ya jawo gardama mai zafi. A gefen hanyoyin akwai wani baƙin ɓawon ƙasa mai rai, wanda ƙananan halittu ke saƙawa yana riƙe yashi, taya ɗaya tana murƙushe shi, dawowarsa kuma tana cin shekaru masu yawa. Shi ya sa ko mota ta mutu a tsakiyar hanya ba a zagaye ta ta cikin daji a buɗe sabuwar hanya; ana jira ne ko a taimaka a matsar da ita. Shirin wayar da kai na Tread Lightly, wanda hukumar gandun daji ta Amurka ta fara a 1985, a kan irin waɗannan abubuwa yake magana. Wani zai ce tsoron rufe hanya ne ke sa su kula, ba son ƙasar ba. Ko da haka ne ga wasunsu, yashin da aka kwashe a leda dai an kwashe shi.

Ba duk abin da na gani ne nake yabo ba. Akwai masu zuwa da motar da aka kashe mata dukiya, injin ja sabo fil a gabanta, amma ba su taɓa warware igiyarsa ba, ranar da ake bukata sai a tarar ba su san inda maɓallinsa yake ba. Akwai masu neman karyewa da gangan don a ɗauki bidiyo a sa a YouTube, su jefa ayari cikin aikin da ba dole ba. Sababbin motoci kuma cike suke da kwamfuta, wayar na'ura ɗaya idan dutse ya tsinke ta sai motar ta rage wa kanta ƙarfi, mai ita ya tsaya yana kallon fitilun gaban sitiyari ba shi da abin yi, domin ya saba a canja masa abu ne, bai saba bin waya da yatsa har ya gano inda ta yanke ba. A irin wannan wuri na fi son a ce makanikin gefen hanya irin wanda na sani ne a tare da mu. Haka nan na'urorin aika saƙo ta tauraron ɗan'adam, da wayoyin iPhone da suka fara kiran gaggawa ta tauraro tun 2022, alheri ne babba idan mutum ya ji rauni, amma sun sa wasu suna shiga daji su kaɗai da mota ɗaya suna ganin ceto yana cikin aljihunsu. Masu aikin ceto mutum suke ɗauka, motar a nan za ta kwana, kuma zafin Yuli a Moab yana wuce digiri 38 yayin da ake jiransu.

Akwai aibi ɗaya namu da ya fi damuna, domin har yanzu ina yaƙi da shi a kaina, shi ne mayar da gyaran daji ya zama gyaran dindindin. Idan waya ta riƙe salansa har aka iso gida, sai mu bar ta wata shida, tun da tana riƙewa. A ayarin nan gyaran daji aikinsa ɗaya ne, ya kai mota bakin kwalta. Ƙarfen da aka yi wa walda da batir ana cire shi a jefar, tayar da aka cusa wa faci a gefenta ba ta sake hawa babbar hanya da gudu, kuma madugu yana tuna wace mota ce ta sami matsala a tafiyar baya, ita yake fara leƙawa. Na san sauƙin samun kayan gyara a nan yana taimaka musu, kuma ba na manta cewa wanda motarsa ita ce abincinsa ba ya iya ajiye ta mako guda yana jiran ƙarfe. Amma birki da sitiyari ba su san uzurin mai mota ba, kuma mutanen da ke cikinta ba a shawarce su ba lokacin da aka yanke cewa wayar ta isa.

Mil huɗun da suka rage mana a ranar sun ci kusan awa uku. Sau biyar aka ɗaura motar saurayin aka ja ta, sau ɗaya kuma sai da aka tara duwatsu a ƙarƙashin mataki don cikinta kada ya daki dutse, aka kuma watsar da su bayan ta wuce yadda aka same su. Duhu ya same mu a hanya, matarsa ta sauka tana haska wa mai nuna hanya hannunsa da tocila don mijinta ya gani. Mun iso kwalta da dare, aka fito da famfunan iska biyu, aka bi tayoyi ashirin da takwas ɗaya bayan ɗaya ana mayar musu da iskarsu, babu wanda ya tafi sai da aka gama ta ƙarshe. Saurayin ya so ya biya kuɗin man giya da ɓata lokacin da aka yi, madugu ya ce masa ya sayi sifanar da aka ara masa ya ajiye a motarsa.

Bayan mako uku ya dawo. Ya canja shaf na ɓangarorin biyu da masu ƙarfi, tsohon na hagu da bai karye ba yana naɗe a tsumma a bayan kujera tare da sifana mai lamba 36 da galan na man giya. Madugu ya leƙa ƙarƙashin motar, ya girgiza tayar dama da hannu biyu, sannan ya sa shi a bayana a jeri. A mararrabar farko ƙura ta rufe hanya, na taka birki na tsaya har sai da fitilarsa ta bayyana a madubina.